Kaskar Jemage a Soron Babanmu

Da sunan Allah nake farawa, wanda ke saukar da cuta kuma shi ke ɗauke ta. Abin da zan faɗa ya faru ne a shekarar da aka ba ƙasar nan 'yancin kai, daidai ƙarshen damina. Na daɗe ban ba kowa labarin a jere ba. Amma har yau ina ganin mutane suna korar jemagu daga tsohon ɗaki su shimfiɗa tabarma su kwana a ciki, shi ya sa na ga gara in faɗa.

Sunana Kulu. A Tambuwal aka haife ni, aure ya kai ni Kebbe. Mu biyu iyayenmu suka bari, ni da wana Arzika. Shi ya yi shekaru a ƙasar Gwalkwas, can bakin teku, yana dakon buhunan koko. A can matarsa ta rasu, ya dawo gida da keke da akwatin ƙarfe, ba mata ba ɗa. A lokacin Gwaggo Ige ce kaɗai a gidanmu, ƙanwar babanmu, tsohuwa mai sayar da daddawa.

Akwai wani soro na azara a gidan, dogo, mai sanyi, wanda tun rasuwar Baba ba mai kwana a cikinsa. Jemagu suka gaje shi. In magariba ta yi sai su yi ta fitowa ta ƙarƙashin indararo ba iyaka. Da rani masu lambun albasa kan zo su share kashinsu su kai fadama, su bar wa Gwaggo goro. Ba wanda ya taɓa jin sun cuci kowa, wari ne kawai.

Da bikin 'yancin kai ya matso aka yi shela kowa ya share ƙofar gidansa ya shafa farar ƙasa. Wannan ya zo wa Arzika daidai, don yana neman wata bazawara a Jabo, yana son ɗakin da zai sa ta. Ya tara ƙaiƙayi da barkono ya turara soron tun safe har yamma. Jemagu suka fice, waɗansu suka faɗo matattu. Ya kira magini ya toshe kowace kafa, aka yaɓe, aka shafa farar ƙasa ciki da waje. Rufin ne kawai ba a taɓa ba, don yana da kyau, ba ya yoyo. Ya shiga ya fara kwana.

Ban san da wannan duka ba sai daga baya. Ni dai wata ranar kasuwar Kebbe wani ɗan garinmu mai sayar da gishiri ya aiko a faɗa mini wana na kwance, kuma Gwaggo ba ta iya ɗaga shi. Na gaya wa maigidana. Ya ce, "Tahi ki gani. In kin ishe da sauƙi ki komo, dawa ta kusa." Manyan 'ya'yana biyu na bar su wurin uwarsa. Ƙaramar, Balki, da ta fara rarrafe ke nan, na goya ta. Na bi 'yan kasuwa da jakunansu.

Na iske shi a soron, an lulluɓe shi da bargo biyu yana kaɗuwa, haƙora na haɗuwa. Idanunsa jajaye. Ya ce kansa kamar ana sara da gatari, gaɓoɓinsa duk ciwo, musamman gwiwa da ƙugu. Ko ruwa ya sha sai ya dawo. Ya gane ni, ya ce, "Kulu, ke anka wahalshe? Masassara ce, gobe ina tashi."

Na shimfiɗa tabarmata a gefen tasa, ni da Balki, don in ji motsinsa.

A makon farko maganin Gwaggo muka yi. Ta dafa sassaƙen maɗaci da ganyen rai-ɗore, ya sha, aka rufe shi da zane ya yi surace. A cikin makon ne aka yi bikin. Ina wanke kayansa a bakin rijiya ina jin ganguna da muryar rediyo daga ƙofar hakimi. Yaran makaranta suka wuce da 'yan tutoci. Abin da na gani na 'yancin kai ke nan.

Bayan 'yan kwanaki gumi ya karyo masa, irin wanda ban taɓa gani ba, sai da tabarma ta jiƙe har ƙasa. Jikinsa ya yi sanyi ƙalau. Kashegari ya nemi tuwo. Jibi ya fito tsakar gida ya kifa kekensa yana sa wa sarƙa mai. Gwaggo ta ce, "Kin gani? Maɗaci ba ya ƙarya." Na fara haɗa kayana, ina jiran ranar da 'yan kasuwa za su koma Kebbe.

Ba su kai ga tashi ba zazzaɓin ya dawo, kamar bai taɓa tafiya ba.

Wannan karon fararen idanunsa suka yi rawaya. Masu zuwa dubiya suka ce shawara ce, aka hana shi mai da nama. Wanzami ya zo ya yi masa ƙaho a baya da ƙeya, ya nuna mana baƙin jini a ƙasa ya ce cutar ke nan ta fita. Wani malami maƙwabcinmu ya aiko da rubutu. Wata ta ce iskokin soron ne aka tasa ba a yi musu sallama ba. Ban ƙi na kowa ba. Duk wanda ya kawo abu da kyakkyawar niyya ya kawo, kuma mai jinya ba ta da bakin cewa a'a ga wanda ya girme ta. Sai dai ni ke ba shi, ni ke share aman.

Na kuma kai shi ɗakin shan magani a kan jakin aro. Mun zauna a layi tun hantsi har rana ta take, shi kwance a gindin bango, ni ina kare shi da mayafina. Malamin magani ya taɓa goshinsa, ya danna cikinsa, ya ce zazzaɓin sauro ne mai ƙarfi, ya ba mu farar ƙwaya mai ɗaci. Bayan 'yan kwanaki gumin nan ya sake karyowa, ya tashi. Wanzami ya ce ƙahonsa ne. Almajiran malami suka ce rubutunsa ne. Ni a raina na ce ƙwayar ce.

Wannan shi ne abu na farko da nake so mai karatu ya riƙe. Cutar nan da kanta take sauka, ta ba mutum kusan mako yana yawo, ta komo. Duk maganin da aka sha a ƙarshe shi ke samun yabo, kuma yabon ne ke hana a tashi a nemi na gaba.

Akwai wani abu da ke faruwa tun ranar da na zo, ban haɗa shi da ciwon ba. Kowace safiya mukan tashi da cizo. Jan tabo ne mai duhu a tsakiya, yana ƙaiƙayi, yana daɗewa bai ɓace ba. Yana haƙarƙarin Arzika da damatsansa, yana wuyana, yana cinyoyin Balki da bayanta. Na ce kuɗin cizo ne. Na kwarara wa tabarmi tafasasshen ruwa, na shanya barguna a rana, ba abin da ya ragu. Wata safiya ina naɗe tabarma na ga abin. Shafal yake, launin ƙasa, faɗinsa bai kai farcen ƙaramin yatsa ba, yana tafiya a hankali zai hau bango. Na murje shi, jini ya fito, amma ba warin kuɗin cizo. Na nuna wa wata Bafillatana da ke kawo mana nono. Ta juya shi da tsinke ta ce ya yi kama da kaska, sai dai kaskar shanu in ta kama ba ta saki, wannan kuwa ba ta san shi ba. Muka bar maganar a nan. Gidanmu ba saniya, ba kaza, sai tunkiyata ɗaya da Gwaggo ke kiwata mini a can bayan gida.

A kwanakin ne kuma na tsinci wani jemage a gindin soron da hantsi. Ina jin ya dawo neman tsohuwar kafarsa ne ya iske an toshe. Bai mutu ba, yana buɗe baki. Na juya shi da kara don in jefar kada Balki ta rarrafo ta ɗauka. A wuyansa da ƙarƙashin fiffikensa akwai ƙananan abubuwa jere kamar riɗi, sun kafe kai a fata, sun cika da jini. Akwai kuma waɗansu masu dogayen ƙafafu kamar gizo-gizo, suna gudu cikin gashinsa, su ɓace su ɓullo. Na ce ashe shi ma da nasa masu cinsa. Na jefa shi bayan katanga na wanke hannu.

Balki ta yi zazzaɓi a mako na uku. Ta ƙi nono, tana kuka, tana zawo kaɗan. Gwaggo ta sa yatsa a bakinta ta ce, "Haƙori ne. Ga shi nan ya taso." Da gaske kuwa akwai haƙori yana tasowa. Aka shafa mata abin da ake shafawa. Bayan 'yan kwanaki ta yi gumi ta warware, ta koma rarrafenta, sai dai ta rame kuma tafin hannunta ya yi fari. Na ga haka, amma idona yana kan babba.

Kwanciya ta uku ita ce ta tsorata kowa. Arzika ya fita hayyacinsa, yana magana da yaren mutanen Gwalkwas, yana kiran matarsa da ta rasu. Haɓo ya ɓalle masa, muka yi ta tarewa da tsumma. Na koma wurin malamin magani ni kaɗai. Ya saurare ni har na gama, ya ce, "Abin da ke hannuna na ba ku. In na sauro ne da ya ji. Ki kai shi Sakkwato, can akwai madubin da aka duba jini." Na gode masa da bai riƙe mu ba.

Gwaggo ba ta so. Ta ce, "Wa ka kai mutum asibiti ya komo da ƙafarshi? In mutuwa ce, ya mutu ɗakin ubanshi."

Na ce, "Gwaggo, mun yi naki, mun yi na wanzami, mun yi na malam. A bari mu yi wanga."

Ta ce, "Ke kin sani." Amma ita ta daka mana garin fura na guzuri, ta ƙulle mana daddawa a tsumma.

Aka sayar da tunkiyata da keken Arzika. Maƙwabta suka ɗauko shi a kan ƙyauren kara zuwa bakin hanya, muka zauna jiran motar da ke fitowa daga Jega. Ta farko da ta biyu suka tsaya, yaran mota suka leƙa suka ga halinsa, suka ce ba su ɗaukar wanda zai mutu musu a hanya. Ta uku ta ɗauke mu, amma sai da aka biya masa wurin mutum biyu tunda kwance zai yi. A kan buhunan shinkafa muka yi tafiyar, kansa a cinyata, Balki a ƙirjina. Mun tsaya Dogon Daji an sauke kaya, mun tsaya Shagari taya ta yi faci. Kafin mu kai Boɗinga gumin ya karyo. Muna shiga Sakkwato ya tashi zaune da kansa ya ce yana jin yunwa.

Mun sauka gidan wani Alhaji Modi mai fataucin goro, wanda ya san Arzika tun a hanyar Gwalkwas. Matarsa Inno ta ba ni gefen ɗakinta, shi aka ba shi zaure. Ba su taɓa ganina ba, kuma har muka bar gidan ba su nuna sun gaji ba. Allah ya saka musu.

Layin asibiti ba irin na garinmu ba ne. Sai ka yi layin kati, ka yi layin benci, ka yi layin ɗibar jini, kowanne da ranarsa in ba ka yi sammako ba. Ba inuwa sai ta bango. Likitan da ya gan mu wani ɗan Kudu ne, dogo mai tabarau, Hausarsa a karye amma ana ganewa. Aka huda yatsan Arzika aka shafa jinin a kan gilashi. Da aka kira mu sai ya ce ba a ga komai ba.

Na ce, "Likita, mutumin ga sau uku yana kai bakin kabari."

Ya ce, "Na yarda. Amma yau jikinsa sanyi. Akwai cuta mai ɓuya. Ku kawo shi ranar da jiki ke zafi, ba ranar da ya ji sauƙi ba. Kada ku koma gida."

Na fito raina a ɓace. Na ga mun sayar da abin da muke da shi, mun sha hanya, an ce mu je mu jira ciwo. Arzika ma ya ce mu koma, ya warke. Alhaji Modi ne ya hana. Ya ce, "Kun zo nan, ku ƙarasa. Tuwon gidan ga bai ƙare ba." Muka zauna. Ina taya Inno surfe da wanke-wanke, kullum da safe in je zaure in taɓa goshin wana.

Ba zazzaɓinsa ne ya fara zuwa ba. Wata safiya na ɗauki Balki na ji kamar na ɗauki tukunya daga murhu. Ta ƙi nono, ba ta ma kuka sosai, sai numfashi sama-sama. Inno ta dube ta ta ce, "Wanga ba haƙori ba ne. Ɗauko mayahinki."

Muna kan layi wata nas ta zo wucewa, ta taɓa yarinyar, ta kama hannuna ta kai ni gaba. Ban ma san sunanta ba. Aka huda diddigen Balki. Ba a daɗe ba likitan ya aiko a kira ni har ɗakin da madubin yake. Ya ce in sa ido ɗaya in duba. Na ga waɗansu abubuwa sirara kamar zaren da aka warware daga tsumma, a murɗe, birjik a tsakanin ɗige-ɗige.

Ya ce, "Wannan ne. Ke ce mai ɗan'uwa mai zazzaɓi yana tafiya yana dawowa?"

Na ce ni ce.

"Ɗaki ɗaya kuke kwana?"

Na ce a Tambuwal ɗaki ɗaya, tun da na zo jinya.

Ya buɗe bayan Balki ya ga tabban cizon, ya dubi wuyana. Ya tambaya ko muna da ƙwarƙwata, na ce babu. Ya tambaya me ke cizonmu, na kwatanta masa abin da na murje. Ya tambaya wace dabba ke kwana kusa da ɗakin. Na ce babu, sai dai jemagu da suke ciki da, amma an kore su kafin a shiga. Na kuma faɗa masa abin da na gani a jikin wanda ya faɗo.

Ya cire tabarau ya goge. Ya ce ba zai rantse ba tunda bai ga ɗakin ba, amma jemage yana da kaskarsa. Ƙanananta suna maƙale a jikinsa, manyan suna ɓoye a tsagar rufi da bango, su fito su sha jini su koma. Ya ce, "Kun kori masu ba su abinci. Su ba su tafi ba. Yunwa ta sauko da su kanku."

Ya sa a kawo Arzika nan take, ya ce ba sauran jira, jinin yarinyar ya isa shaida. Mu uku aka yi wa allura, har ni da ban kwanta ba. Kafin a yi ya gargaɗe ni cewa allurar farko takan tayar da ciwon kafin ta kwantar da shi, kada in tsorata. Ya kuma ce yarinyar ƙarama ce kuma jininta ya yi ƙasa ƙwarai, zai yi abin da zai iya.

Aka ba mu gado a ɗakin mata da yara. Bayan allurar da kaɗan ta fara kaɗuwa, jikin ya ƙara zafi. Nas-nas suna zuwa suna shafa mata ruwa, likitan ya leƙo fiye da sau ɗaya. Wajen azahar ta sandare, ta saki, ta sake sandarewa. Daga nan ta yi laƙwas, gumi ya fito mata a goshi. Na ɗauka irin gumin nan ne na sauƙi. Kafin la'asar ta cika a hannuna.

An sha tambayata ko allurar ce. Ban sani ba. An kuma ce da na kai ta tun zazzaɓin farko da ta rayu. Wannan ma ban sani ba. Kwananta ne ya ƙare. Abin da na sani shi ne da jininta aka gane ciwon kawunta.

Inno ce ta goyo ta zuwa gida, ita ta yi mata wanka. Alhaji Modi ba ya nan, ya tafi tarbar kaya. Maza na unguwar suka taru a ƙofar gida, aka miƙa musu ita a cikin 'yar tabarma, suka tafi. Ban ga fuskar ko ɗaya ba.

A wannan lokacin Arzika yana ɗakin maza, allura ta tayar masa da nasa, yana kaɗuwa har gadon na ƙara. Da aka gama na wanke fuska na dama kunu na kai masa. Bai san wanda ke kansa ba. Na zauna ina ba shi da ludayi, rabi na shiga rabi na zuba. Kashegari ya farfaɗo. Ban faɗa masa ba, na kuma roƙi Inno kada a faɗa.

Sai da ya fara zama da kansa, wata rana na sunkuya ina ajiye kwano, ya ga gaban rigata a jiƙe, ya ga ba goyo. Ya ce, "Kulu, ina Balki?"

Na ce, "Ta koma, Yaya."

"Yaushe?"

"Ranar da anka yi muna allura."

Ya daɗe yana kallon kwanon. Ya ce, "Ciwon ga nawa ne yak kama ta?"

Na ce, "Irinshi ne."

Ya juya ya fuskanci bango. Na jira, na ce kunun zai huce. Ya tashi ya sha duka.

Aka ci gaba da yi masa allura har cinyoyinsa suka yi tauri, ina gasa masa da tsumma da ruwan ɗumi. Ni kuma nono ya cika yana mini zogi, Inno ta ɗaure mini ƙirji da zane ta ba ni abin sha har ya kafe. Da aka sallame shi likitan ya ce mu ƙara zama a gari har lokacin da ciwon ya saba dawowa ya wuce. Muka zauna. Lokacin ya zo ya wuce, goshinsa sanyi. Muka ƙara kwanaki, shiru. Na je in yi wa likitan godiya, na iske layi ya kai ƙofa, na juyo.

Da muka koma Tambuwal ba wanda ya sake kwana a soron. Duba-gari ya zo da famfonsa ya fesa magani. Arzika bai gamsu ba. Da ƙarfinsa ya ɗan dawo ya kira maginin nan suka yaye rufin. Tsakanin azara da zanar da ke kanta, da cikin kowace tsaga, ga su nan jingim, manya da ƙanana, da ransu, a inda feshin bai kai ba. Aka tara zanar da ruɓaɓɓun azara a tsakar gida aka sa wuta, aka bi bangon da harshen wuta, aka bar soron a buɗe rana ta dake shi har rani ya fita. Bazawarar Jabo ta riga ta auri wani. Gwaggo kuwa har ta rasu tana cewa maɗacinta ne ya yi aiki, allura ta zo ta tarar.

Ga abin da zan ce wa wanda ya gaji tsohon ɗaki mai jemagu. Korarsu ba ita ce ƙarshen aiki ba. A yaye rufi a duba, a ƙone abin ƙonewa, a bar ɗakin ya daɗe ba kowa. In an tashi da cizon da ba a san mai shi ba, a bar ɗakin ranar, kada a tsaya wanke tabarma. Kada a kwantar da jariri inda majinyaci ya kamu. Zazzaɓin da ya tafi ya dawo, a kai shi asibiti yana kan zafinsa. In na yaro ne, ko an ga haƙori, a kai.

Na koma Kebbe an riga an yanke dawa an kai rumbu. Labari ya riga ni zuwa ta bakin fatake. Maigidana bai yi mini faɗa ba, bai kuma tambaye ni yadda aka yi ba. Da mutane suka watse ya shigo ya zauna bakin ƙofa ya ce, "Wa yay yi mata salla?"

Na ce ban sani ba.

"Ina anka sa ta?"

Na ce ban sani ba, mutanen unguwa ne suka ɗauka.

Ya ce, "To." Ya tashi ya fita. Bai sake tayar da maganar ba, amma na ga ta zauna masa. Da ɗan gishirin nan ya zo kasuwa ya tambaye ni saƙo, na ce ya gaida Yaya, ya ce masa muna lafiya. Ban san me ya ƙara masa da shi ba.

Wajen tsakiyar rani sai ga Arzika a ƙofar gidanmu da yamma, a ƙasa, da sanda da gora, ƙafafunsa fari fat. Aka shimfiɗa masa tabarma a zaure. Na kai ruwa na koma bayan zana na tsaya. Bayan sun gaisa ya ce wa maigidana daga Sakkwato yake. Ya je unguwar Alhaji Modi ya bi gida-gida har ya samo waɗanda suka ɗauki Balki. Ya ce limamin masallacin unguwar ne ya yi mata salla, Malam Sahabi. Wani mahauci, Bawa, shi ya rungume ta har maƙabarta. Wani ɗan dako da ake kira Nomau shi ya yi haƙa, shi ya sa ta. Ya ce ya yi wa kowannensu godiya da sunan ubanta, kuma Nomau ya kai shi ya nuna masa wurin, ya yi addu'a, ya jera duwatsu.

Maigidana ya maimaita sunayen ɗaya bayan ɗaya a hankali, ya sa musu albarka. Suka shafa fatiha.

Daga bayan zana na ce, "Yaya, akwai inuwa wurin?"

Ya ce, "Akwai aduwa kusa. Da hantsi ba ta kai, amma in rana ta karkata tana rufe ta."

Na ce to, na koma na ɗora tukunya.